Buzun Baba

Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa aka zo rabon kayansa, ban nemi komai ba sai buzunsa. Fatar ragon Uda ce, gaba baƙi baya fari, ta wata layya da ya yi tun ina ƙarami. Inda gwiwoyinsa ke sauka gashin ya kwanta luf. A kansa yake sallar dare, a kansa yake jan carbi bayan asuba.

Shekararsa biyu a hannuna yarona da ke rarrafe ya yi fitsari a kai. Abin sallah ne, dole a tsarkake shi, ni kuma hankalina ya tashi. Na tafasa ruwa na juye a baho, na zuba garin sabulun wanki, na tsoma buzun gaba ɗaya. Na cuɗa, na murɗe, na shanya a kan katanga cikin ranar Afrilu. Kafin la'asar ya bushe ƙamas kamar ƙirgi, ya ƙanƙance, gefunansa sun nannaɗe. Ina ƙoƙarin miƙar da shi na ji ya tsage daga wajen wuya. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Washegari na kai shi wurin majema a Ƙofar Wambai, nan Kano. Wani dattijo ya karɓa, ya juya bayan, wato ɓangaren da babu gashi, ya shinshina.

"Ɗana, ruwan zafi ka sa masa ko?"

"E, Baba."

"Kuma ka bar shi a rana."

Ya ce fata ai 'yar'uwar nama ce, ruwan zafi dafa ta yake yi. In ta dahu sai ta tattare, kuma babu majemin da zai mayar da ita girmanta na da. Sabulu mai ƙarfi ya kwashe man da aka shafa mata lokacin jima, rana ta ƙarasa sauran. Sai ya nuna mini jan launin bayan buzun, ya ce in gode wa Allah jimar bagaruwa ce, tana da ɗan haƙuri da ruwa. Da irin wadda ake gyarawa da alif da gishiri ce, mai farin baya, da ruwan ya wanke alif ɗin, ta koma kamar ba a taɓa jeme ta ba.

Kwana uku ya yi a wurinsu. An yayyafa wa bayan ruwa, aka rufe shi ya kwana har ya saki, aka shafa mai, aka yi ta ja ana goga shi a jikin itace. Baduku ya ɗinke tsagar. Laushi ya dawo, amma ya rage kusan faɗin tafin hannu, kuma haka zai zauna.

Tun daga nan ban sake tsoma shi a ruwa ba. Duk Juma'a nakan fita da shi in kakkaɓe, in bubbuge bayan da hannu, in rataye shi a inuwa ya sha iska. Lokacin hunturu sau biyu a mako, don ƙura na shigewa har gindin gashi. In wani abu ya zube, nan take nake danna busasshen tsumma ya tsotse, ban gogawa, don guga tura dattin ciki take yi. In najasa ce, wurin kawai nake wankewa: in karkata buzun, in kwarara ruwan sanyi ya bi gashi ya sauka, in tsane da tawul. Yana bushewa a inuwa ina dawowa ina jan fatar ta kowane ɓangare tun da sauran danshi. Wannan jan shi ne ke hana ta sandarewa, kuma shi ne abin da mutane suka fi mantawa. Ɗigon mai kuwa, garin sitaci nake barbaɗawa ya kwana, da safe in kakkaɓe.

Damina ta fi ba ni tsoro. Ƙasan siminti na tsatso danshi, fumfuna ta kama bayan fata ba ka sani ba sai wari ya tashi. Saboda haka ba ya kwana a ƙasa, kuma ba na sa shi a leda. In zan yi tafiya nakan naɗe shi, gashi a ciki, in sa a tsohuwar rigar matashi ta auduga da ƙwayar kafur saboda asu. Naɗi nake yi, ban ninkewa, don ninki ke karya fata.

Daga baya uwargida ta sayo farar shimfiɗar fatar tunkiya ta falo, irin wadda ake kawowa daga Ostareliya da Niyu Zilan. Wannan dabam take da tamu. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gajeren gashi gare su, su kuwa waɗancan ulu ne dogo mai cukurkuɗewa, sai an riƙa tsefe shi da buroshi mai siraran haƙoran waya. Takardar jikinta ta yarda a wanke, amma da sabulun ulu da ruwan da ɗuminsa bai wuce digiri 30 na Salsiyos ba. Bilic, ruwan nan na faranta tufafi, yana cin ulu, haka ma garin sabulun da aka yi don narkar da tabon jini da na abinci, domin ulu da fata dangin abin da yake narkarwa ne. Rana kuma tana mayar da farinta ruwan ɗorawa. Sau ɗaya muka wanke ta cikin shekara uku, ta yi kwana biyu a inuwa tana bushewa, muna ja muna tsefewa.

Yaron nan yanzu ya shiga makarantar allo. Bayan magariba a kan buzun kakansa yake zama yana biya karatunsa. Ranar nan ya sa yatsa a kan ɗinkin wuyan ya tambaye ni, "Abba, wa ya yaga?" Na ce ni ne, na zaunar da shi na ba shi labarin.