Gwajin garin ƙara garkuwa a kan kaji a Jos

Garin da muka gwada haɗin zogale ne da tafarnuwa da sinadaran zinki da seleniyom, kuma iri biyu ake sayar da shi: na gama-gari, da wanda aka ce wani mai warkarwa ya sa masa ƙarfi daga nesa ba tare da ya taɓa shi ba. Na biyun ya fi tsada sosai. Muka kasa 'yan tsakin kajin nama kashi uku. Na farko abinci zalla, na biyu abinci da garin gama-gari, na uku abinci da mai ƙarfin, awo ɗaya ba bambanci.

Riga-kafin cutar kaji ta fakat (Newcastle) muka auna da shi, wanda ake kira LaSota, na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a ruwan sha. Wannan ɓangaren ya tafi daidai: a janye ruwa awa 2, a yi amfani da ruwan rijiya don na famfo yana da kulorin, a zuba gram 2 na madarar gari marar maiƙo a kowace lita, su shanye kafin awa 2. Bayan mako 2 muka ɗebi jini ta jijiyar fiffike, muka jingine sirinjin a karkace har ruwan jinin ya fita, aka yi gwajin HI, wanda ke auna yawan kariyar da jikin kaza ya samar bayan riga-kafi.

Kashi na uku ya yi wa sauran fintinkau. Har mai kawo garin ya fara neman takardar sakamakon don ya nuna wa masu kiwo.

Ashe ba garin ba ne. Dillalin da ya kawo 'yan tsakin ya cike odar ne da kwalaye daga wuraren ƙyanƙyasa biyu, bai faɗa ba, kuma kwalin da ya bambanta shi aka juye gaba ɗaya a kejin kashi na uku. Ɗan tsako yana fitowa da kariyar da ya gada daga uwarsa ta ƙwaiduwa. Tana raguwa da rabi kusan duk kwana 4 zuwa 5, kuma muddin tana da yawa tana dakushe riga-kafin da aka ba shi. Iyaye daban, kariya daban, amsa riga-kafi daban. Wato mun kwashe makonni muna auna bambancin iyayen kaji, muna ta yaba gari. Kuɗin abinci da gawayi da na ɗakin gwaji duk sun bi ruwa, kuma har yau in na tuna kwalin nan raina yana ɓaci.

A zagaye na biyu mun sa sharaɗin wurin ƙyanƙyasa ɗaya, ƙyanƙyasar rana ɗaya. Duk da haka sai da muka juye su wuri guda, muka gauraya, muka raba da ƙuri'a. Muka ɗebi jinin wasu tun ranar isowarsu. Kowane kashi muka watsa shi a kejuna da dama, saboda sanyin Jos a hunturu ba ya raga wa kejin bakin ƙofa, alhali na kusa da kaskon gawayi suna cikin ɗumi. Ɗan tsako a makon farko yana son zafin digiri 32 zuwa 35, wanda ya sha sanyi kuwa cinsa ma raguwa yake yi. Buhunan garin kuma wani ne ya sa musu lamba ya ɓoye takardar, mai ba da abinci da mai duba jini ba wanda ya san wanne ne wanne.

Da aka buɗe takardar, mai ƙarfin da na gama-gari kunnen doki suka yi. Tazararsu da masu cin abinci zalla ma ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Ban yi mamaki ba. Firimis, wato haɗin bitamin da sinadarai da ke cikin abincin kanti, ya riga ya ƙunshi zinki da seleniyom, kaza kuwa miligram 40 na zinki take buƙata a kilon abinci, seleniyom 0.15 kacal. Ƙari yana amfani ne in akwai ƙaranci. Seleniyom in ya wuce kima guba ne, zogale ma in an cika shi yana rage ƙiba saboda yawan harzarsa.

Mai kawo garin har yanzu sakamakon farko yake so. Mun hana shi. Duk wanda ya nuna muku takarda irin wannan, ku tambaye shi daga kwali nawa 'yan tsakin suka fito, kuma ina sakamakon jinin ranar farko.