24 ga Yuli: Yini guda da ƙissar Annabi Yunus

Rana irin ta yau ce a 2014 mayaƙan ISIS suka dasa bama-bamai suka tarwatsa masallacin Annabi Yunus (AS) a Mosul ta ƙasar Iraƙi. Masallacin yana kan wani tudu ne a gabashin kogin Dijla, cikin kufan tsohon birnin Nineba, kuma kafin ya zama masallaci majami'ar Kiristoci ce a wurin. Da aka ƙwato yankin a 2017 sai aka tarar da ramuka a ƙarƙashin ɓaraguzan, cikinsu akwai ragowar fadar sarakunan Assuriya. Tuna wannan ne ya sa yau na jera nassosin addinai uku, Musulunci da Kiristanci da Yahudanci, a kan ƙissarsa a gabana tun hantsi.

Abin da suka haɗu a kai yana da yawa: an aiko shi, ya shiga jirgin ruwa, an jefa ƙuri'a ta faɗa kansa, kifi ya haɗiye shi, ya yi addu'a, ya fito da rai, mutanen gari suka tuba aka ɗauke musu azaba. Har adadin mutanen ya yi kusa. Suratus Saffat aya ta 147 ta ce dubu ɗari ko sun fi, Littafin Yunusa da ke hannun Yahudawa da Kiristoci ya ce sama da 120,000.

Inda masu ba da ƙissar ke yin tuntuɓe shi ne cakuɗa majiya. Sai ka ji mai wa'azi ya ce Alƙur'ani ya faɗi kwana uku a cikin kifi. Bai faɗa ba. Kwana uku da dare uku daga Littafin Yunusa suke, malaman tafsiri kuwa sun kawo maganganu mabambanta, wasu uku, wasu bakwai, wasu arba'in. Sunan Nineba ma, birnin da aka aike shi, bai zo a Alƙur'ani ba, sira da tafsiri ne suka kawo shi. Tashar jirgin ruwa ta Yafa, da garin Tarshish da ya nufa, da wa'adin kwana arba'in da aka ba birnin, duk daga wancan littafin ne mai surori 4 da ayoyi 48.

Jerin al'amuran ma ya bambanta, kuma wannan ya fi muhimmanci a wurina. A wajen Yahudawa da Kiristoci, tun kafin ya isa birnin ya kauce wa aiken. A fahimtar mafi yawan malaman Musulunci, ya yi wa'azi, aka ƙi shi, ya fita cikin fushi ba tare da jiran izinin Ubangijinsa ba. Haka batun tsiron da nassosin biyu suka ambata. A Saffat an tsirar masa da shi ne bayan an jefo shi fili yana mara lafiya. A ɗaya nassin kuwa sai bayan birni ya tuba, yana zaune a gabas da gari, tsiron ya yi masa inuwa, washegari tsutsa ta cinye shi ya bushe, aka yi masa darasi kan tausayi. Wanda ya haɗa su wuri guda zai ɓata duka biyun.

Bayan la'asar na koma kan ibada, domin a nan ne ake ganin girmansa. Yahudawa suna karanta littafin gaba ɗaya a addu'ar yammacin Yom Kippur, wato ranar kaffara, 10 ga watan Tishri na kalandarsu, suna cikin azumin kusan awa 25. Kiristocin Assuriya da Kaldiya suna azumin Nineba na kwana uku, Litinin zuwa Laraba, mako uku kafin babban azuminsu, Kibɗawan Masar kuma mako biyu kafin nasu. Musulmi yana da addu'ar aya ta 87 a Suratul Anbiya, "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin", wadda hadisin Tirmizi ya nuna Musulmi ba zai roƙi Allah da ita ba face an amsa masa. Sura ta 10 sukutum tana ɗauke da sunansa, alhali cikin ayoyinta 109 sau ɗaya aka ambace shi, a ta 98, kuma tuban mutanensa ne zancen.

Saɓani na gaske yana Linjilar Matiyu 12:39-41. Kirista yana karanta "alamar Yunusa" a matsayin ishara ga mutuwar Almasihu da tashinsa. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba, saboda Suratun Nisa'i aya ta 157. Wannan ba a rufe shi da kalaman sulhu, kowa ya faɗi aƙidarsa yadda take. Amma ina ganin kuskure ne a mayar da Yunus makamin muhawara kawai. A Ɗa'ifa, lokacin da aka jefi Manzon Allah (SAW) har ya yi jini, bawan da ya kawo masa inabi, Addas, Kirista ne mutumin Nineba, kuma da sunan Yunus ɗan Matta hirarsu ta fara.