Langa a cikin burauza

Duk wanda ya shigo ofishinmu a Kano, tambayarsa ta farko ita ce ina wasan yake, tunda bai ga faifai ba, bai ga PlayStation ba. Sai in karɓi wayarsa, in buɗe Chrome, in rubuta adireshi. Kafin ya gyara zama ya tsinci kansa a fili ɗaya da mutum talatin, kowa riƙe da ƙafa guda yana neman ture wani. Babu saukar da manhaja, babu rajista. Mu huɗu ne a wannan sana'a, kuma langa muka ɗauko daga dandali muka sa a intanet, irin ta ruwa, wadda ake kare mutum ɗaya har ya kai gaci.

A 2015 ni yaron kafe ne, aikina buga takardu da cike wa ɗalibai fom ɗin JAMB. A shekarar ne wani matashi ɗan Brazil, Matheus Valadares, ya fitar da Agar.io, wasan da ɗigo ke haɗiye ɗigo yana ƙiba. Yara suka cika mana kujeru. Su cin junansu ya dame su, ni kuwa abin da ya hana ni barci daban ne: ta yaya ɗigona da na wani ɗan Turkiyya ke motsi tare, a daƙiƙa guda? Wata rana da dare bayan an tashi, na danna maɓallin F12 na kwamfuta, cikin shafin ya buɗe, na ci karo da kalmar WebSocket. Hanya ce da burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet irin Chrome, ke riƙe layi a buɗe tsakaninta da sabar, wato babbar kwamfutar da wasan ke gudana a kanta, saƙo na kai da komo ba sai an sake loda shafi ba. Wani wasan irinsa, Slither.io, ya fito a 2016 ina nan ina fama. Sai da na shekara biyu kafin na sa ƙwallaye biyu suka motsa tare a kwamfuta biyu. Na kira maigidana da murna, ya leƙa ya ce, "To yaro, waɗannan ƙwallayen ne za su yi maka lefe?" Amma shi ne ya riƙa bar mini janareta a kunne awa ɗaya bayan rufe shago, Allah ya saka masa.

Mutane na zaton zane ne wahalar aikin. Zane kwana kaɗan ne. Jinkiri shi ne abokin gabarmu. Ka danna allo a Kurna, saƙon ya hau eriya, ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa sabar da muka yi haya a Frankfurt ta ƙasar Jamus, sannan amsa ta dawo ta hanyar da ta bi. A awonmu, wannan tafiya kan haura milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) ko da sabis na da kyau. Allo kuwa yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, ke nan hotuna kusan tara sun wuce kafin amsar ta iso. A langa wannan ya isa a kayar da kai.

Don haka ba ma barin wayarka ta jira. Kana dannawa take motsa ɗan wasanka bisa hasashe, in amsar sabar ta zo da bambanci sai ta ja shi a hankali zuwa inda ya dace, ba da fizga ba. Sauran 'yan wasa kuma da gangan muke nuna maka su baya da ɗan ƙiftawar ido, don tafiyarsu ta yi santsi. In ka ture wani, sabar ce alƙali: takan koma baya ta duba inda yake a lokacin da kai ka gan shi, sannan ta yanke hukunci. Dabarar hasashen ba tamu ba ce, tun 1996 mai haɗa wasannin kwamfuta John Carmack ya sa ta a wasan QuakeWorld saboda masu intanet ta layin tarho. Namu shi ne daidaita ta da sabis ɗinmu mai zuwa ya ɗauke. Wata uku na yi a kan wannan kaɗai. Ba ma aika wa wayarka labarin duk filin, sai na waɗanda ke kusa da kai, don kada datarka ta ƙone. Kuma duk gyaran da muka yi, sai ya yi aiki a wata tsohuwar Itel mai fasasshen gilashi da na saya a kasuwar waya ta Farm Centre kafin mu sake shi.

Abin takaicin wasan burauza shi ne rabin aikinka a hannun jama'a yake, yadda na danna F12 haka kowa zai danna. Sau biyu ana kwashe mana zane da sauti, a sauya launin riga, a lafta tallan caca a kai. Abin da ba su iya kwasa ba shi ne na cikin sabar. Sai su bar waya ta zama alƙalin kanta, nan da mako ka ga yaro yana gudu kamar babur, ba mai iya ture shi. Mutane su zo suna zaginmu, wai wasanmu ya lalace, alhali ba namu suka shiga ba.

Masu cinikin ma haka. Wani mai makaranta ya zo yana son wasan gasar lissafi na ɗalibai 40 a lokaci guda. Na faɗa masa kuɗi, ya ce, "Haba ɗana, yaron wajena ya ce zai yi a dubu ashirin." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba shi." Bayan wata biyu ya dawo, wai da ɗalibi na shida ya shiga komai ke sanƙarewa. Mun yi masa, yana nan yana aiki.

Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku suka katse a gaɓar Yammacin Afirka, filinmu ya zama kufai, muka zauna muna kallon juna. Tun daga nan muka fara gwada sabar ta biyu a Legas. In kana son ganin bambancin, zo da wayarka, ko wace iri ce, in buɗe maka duka biyun ka ji a yatsanka.