Ramukan alli na gidan Ruinart a Reims

Daga tashar Gare de l'Est ta Paris, jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa ɗaya ba ya sauke mu a Reims, a yankin Champagne na Faransa. Ni ba na shan giya, ban kuma ɗanɗana ba. Abin da ya ja ni gidan Ruinart, masu yin shamfen (giyar inabi mai kumfa), shi ne ramukan da ke ƙarƙashinsa, da sana'ar da ta kusa shekara 300 ba ta yanke ba.

Nicolas Ruinart ɗan kasuwar yadi ne. A 1728 Sarki Louis na 15 ya ba da izinin safarar giya a kwalba, shi kuma ya buɗe gidansa a 1729, gidan shamfen mafi daɗewa. Da fari kyauta yake ba masu sayen yadinsa, har kyautar ta fi hajar kasuwa, ya bar yadin.

Sai muka gangara. Matakala ce doguwa, kana sauka sanyi yana shiga jikinka, har wajen mita 38 a ƙarƙashin ƙasa. Tun zamanin Romawa aka fara haƙa waɗannan ramuka don ɗibar dutsen gini. Bakinsu ƙunci, cikinsu faɗi, bangon fari fat. Na dafa shi, da laima. Rani da hunturu sanyin wurin bai cika gota digiri 11 ba, babu rana, babu girgiza. A nan kwalabe ke kwance jere-jere, yis yana aikinsa a ciki, iskar da ba ta da mafita tana narkewa ta zama kumfa. Ƙarfinta ya kai kamar ninki uku na iskar tayar mota, shi ya sa a zamanin da kwalabe ke yawan fashewa.

Wurin katakan juya kwalba na fi daɗewa. Ana soke kwalba baki ƙasa, a riƙa murza ta kaɗan-kaɗan, kwana da kwanaki, har guggubin ya taru a wuya a fitar da shi. Gidan Veuve Clicquot, shi ma a Reims, aka san da ƙirƙiro dabarar wajen 1816. Yau inji ya karɓe yawancin aikin a yankin, kuma gaskiya hakan ya sosa min rai, don hannun da ya iya wannan ba a shekara ɗaya ake samun sa ba.

Dokar ma ba sassauci. Da hannu ake tsinke inabi. Kilo 4,000 ba a matse fiye da lita 2,550 daga ciki. Ba a sayar da giyar sai ta yi aƙalla wata 15, wadda aka yi da inabin shekara guda kaɗai kuwa sai ta yi shekara 3. Ruinart da inabin Chardonnay ya yi suna.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ake ruwan bama-bamai a Reims, cikin irin ramukan nan mutanen gari suka fake, har yara suka yi karatu a wasu. A 2015 UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihi na duniya, tare da gonakin inabin da ke kan tuddan yankin.