Na'urar juya ƙwai da na haɗa da moton gilashin mota

Yayata tana kiwon kaji da zabbi, kuma akwatin ƙyanƙyasarta haɗin gida ne: katako, hita, fanka, da batir mai caji da sola. Zafi yana tsayawa daidai a digiri 37.5, ba ya ba ta wahala. Juya ƙwan ne ke cin ranta. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kuma sai an riƙa juya shi har zuwa kwana na 18 don kada ɗan tsakon ya manne da ɓawo. Mai juyawa da hannu sai ya buɗe murfi aƙalla sau uku a rana, kuma duk buɗewa zafi da laima suna tserewa. Wata rana ta ce mini, "Kai da kake gyara wa mutane fanka da famfo, ba za ka duba mini wannan ba?" Na ce, "To Yaya, bari in yi tunani a kai."

Abin da manyan injuna suke yi ba ɓoyayye ba ne: suna karkata tiren ƙwai digiri 45 zuwa dama, bayan awa ɗaya su mayar da shi hagu. Aikin kenan. Abin nema shi ne ƙaramin moto mai ƙarfi, mai tafiya a hankali, wanda zai tsaya inda aka ce ya tsaya.

Na fara duba ɗan moton da ke juya faranti a cikin na'urar ɗumama abinci. Yana da araha, ba ya ƙara, juyi biyar ko shida yake yi a minti. Danginsa ne ake sa wa ƙananan na'urorin juya ƙwai na kanti, wasu ma juyi ɗaya tak suke yi a awa huɗu. Amma irin wannan moto da kaɗawar wutar Nefa yake tafiya, wadda ke sauyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ba ya aiki da batir sai an sa inbata a tsakani. Ga shi kuma in ya tashi, duk gefen da ya ga dama yake bi. Na ajiye shi. Moton waifa yana da ƙarfi sosai kuma wutar batir mai bolt 12 yake ci, sai dai a yawancinsu waya ɗaya a jikin ƙarfen take haɗe. Da ka juya wutar don ya koma baya, jikin moton ya ɗauki wuta, sai ka raba shi da firam ko ka buɗe ka cire haɗin.

A kasuwar Ƙofar Ruwa na tsaya a kan moton da ke ɗaga gilashin ƙofar mota. Waya biyu ce da shi, an yi shi ne don ya je gaba ya dawo baya, kuma a cikinsa akwai dabarar da ta fi burge ni a duk aikin. Sandar moton tiredi ne da ita irin na noti, tana juya wani faifai mai haƙora. Sandar tana iya juya faifan, amma faifan ba ya iya juya sandar. Shi ya sa gilashin mota ba ya zamewa ƙasa da kansa, kuma shi ya sa tire mai ɗauke da ƙwai ba zai sulale ba bayan an ɗauke wa moton wuta. Ba birki, ba sakata, siffar giyar ce kawai ke riƙe nauyin.

Duk da haka gudunsa ya yi wa ƙwai yawa, kusan juyi 60 a minti. Sai na haɗa masa dogon rodi mai tiredi, milimita 8, wanda kowane juyi ke matsar da noti milimita 1.25. Lissafin mai sauƙi ne: juyi 60 sau 1.25 ya ba da milimita 75 a minti. Na yi wa notin walda da wani ɗan hannu mai tura tiren, tafiyarsa santimita 15 ce, wato minti biyu kenan daga gefe zuwa gefe. Ƙwan ba ya jin fizga ko kaɗan. Daga nan na gane cewa a irin wannan aiki bai kamata a rage gudu ta hanyar rage wa moto wuta ba, domin ƙarfinsa ma raguwa yake yi, ya zo ya kasa tashi da kaya. A bar shi ya yi gudunsa, giya ta rage.

Tsayawa ita ce ta fi cin tunani. Moto mai burushi, irin wannan na gilashi, in ya kai ƙarshe ya tokare yana ci gaba da shan wuta, ninkin abin da yake sha yana juyi sau da yawa, kuma duk wutar zafi take zama a cikin koyil. Dogara da taima kaɗai, wato agogon da ke kunna wuta ya kashe a kan lokaci, ba ya isa, domin batir cike da batir da ya yi ƙasa ba gudu ɗaya suke bayarwa ba. Maganin na same shi a cikin tsohon hannun da ke juya kwanon satalayit, da na taɓa buɗewa. A kowane ƙarshe akwai ɗan makunni da notin ke dannawa ya yanke wuta, kuma a gefen kowane makunni an ɗaura dayod, wanda ke barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai. Noti ya iso ya danna, moto ya tsaya cak. In taima ta juya wutar, dayod ɗin sai ya ba ta hanya ta kewaye makunnin da ke buɗe, moto ya koma baya, ya saki makunnin, ya tafi ɗaya ƙarshen. Makunni biyu da dayod biyu, ba kwamfuta ba komai. Ban san dabara mai arha da ta kai wannan amfani ba, kuma na kwafe ta yadda take. Rile ɗaya mai juya wayoyi biyu, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, da taima mai sauyawa kowace awa suka ƙarasa da'irar.

Moton a wajen akwatin na ɗaura shi, rodin kaɗai ke shiga ta wata 'yar huda. Cikin akwati laima tana kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari a kwanakin ƙarshe, ga gashin 'yan tsaki da ke tashi yana shiga ko'ina.

Sauran lokacina a kan mahaɗar wayoyi ya tafi, kuma a nan nake da magana da 'yan'uwana masu aikin. A wurinmu an saba a murɗe waya biyu a naɗe da salatif a wuce. A wutar batir wannan haɗari ne, saboda bolt kaɗan ne, amfiya da yawa. Mahaɗa mai sako-sako da turjiyarta ta kai kashi ɗaya cikin goma na om, wato ma'aunin turjiyar wuta, in amfiya 10 ta bi ta cikinta, wat 10 na zafi ne ke taruwa a wurin da bai kai farce ba. Roba ta narke, tagulla ta yi baƙi, turjiya ta ƙaru, zafi ya daɗu. Yawancin na'urorin da ake kawo mini wai motonsu ya ƙone, in na bi waya sai in tarar moton lafiyarsa lau, mahaɗa ce ta mutu.

Dalma ma ba ita ce maganin ko'ina ba. Tana bin siraran wayoyin ta shige ciki ta sandarar da su, kuma inda sandarewar ta ƙare nan waya ke karyewa in akwai girgiza. Shi ya sa wayoyin mota matse su ake yi. Kamfanin AMP da Uncas Whitaker ya kafa a Amurka a 1941 da wannan ya yi suna: kan waya da ake matsewa ba dalma, don jiragen sama da na ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Matsa mai kyau tana haɗe tagulla da kan wayar har iska ba ta samun wurin shiga, balle tsatsa. Amma sai da abin matsewa na ainihi. Filaya lanƙwasa ƙarfen kawai take yi. Gwajina shi ne in ja wayar da ƙarfi bayan na matse. In ta zare, in yanke in sake.

Tsakanin batir da akwatin na sa filogin XT60, irin na batiran jirage marasa matuƙa. Gefe ɗaya nasa a yanke yake, ba ya shiga a juye, kuma ɓangaren da wuta ke fitowa ramuka ne da shi, ba ƙafafu a waje ba. Wannan yana da muhimmanci domin ba ni zan riƙa cirewa da mayarwa ba, yara ne, wani lokaci cikin duhu. Shi wannan filogin da dalma ake haɗa shi, don haka na sa masa robar da ke tsukewa da zafi, na ɗaure wayar a jikin katako yadda in an ja ta, nauyin ba zai faɗa kan haɗin ba. Filogin moto kuma na zaɓi wani iri daban, don kada wani ya cusa batir kai tsaye a moto ya tsallake makunnan.

Wayar kanta sai an lura. Akwai wadda ake sayarwa da sunan tagulla alhali alminiyom ce aka yi wa rufi. Ka kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka ajiye ta, don ta fi turjiya kuma tana saurin karyewa a wurin matsa.

Abu biyu na ƙara daga baya. Na farko fis a kusa da kan batir, wanda ya ɗara abin da moton ke sha yana tafiya da kaya, amma bai kai abin da yake sha in ya tokare ba, yadda in wani abu ya maƙale a rodin fis ne zai tafi. Na biyu maɓallin hannu da ke kashe taima ya ba da damar tsayar da tiren a kwance. Ƙwan kaza a kwana na 18 ake daina juya shi, na zabo kuma da ke kai kwana 26 zuwa 28 sai an jinkirta, saboda haka na rubuta ranakun biyu da fenti a gefen maɓallin.