Wasiƙa daga Sikotilan: minti 15 na gudu kullum a makaranta

Assalamu alaikum, malamai da iyayen yara na gida.

A nan Sikotilan akwai wani tsari da ake kira Daily Mile, wato mil ɗaya a kullum. Elaine Wyllie ce ta fara shi a 2012, lokacin tana shugabar firamaren St Ninian's a garin Stirling, bayan ta ga yara ba sa iya zagaya filin makaranta da gudu sai haki ya tsayar da su.

Kullum malamin aji zai fito da yaransa su yi minti 15 suna gudu ko sassarfa, da kayan makarantar da ke jikinsu. Ba ƙwallo, ba a kashe ko sisi. Mil ɗaya kusan mita 1,600 ne, idan kewayen filinku mita 200 ne, zagaye takwas kenan. Amma agogo ake bi, ba zagaye ba. Wanda ya gaji ya yi tafiya, in numfashinsa ya dawo ya ci gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 na motsa jiki a rana. Don haka kada wani hedimasta ya soke darasin wasanni ko ya yanke lokacin tara da sunan yara sun riga sun yi gudu.

Abin da ke kashe tsarin shi ne a mayar da shi tsere. Da zarar an fara tafa wa na ɗaya, yaro mai jiki da yarinya mai kunya za su koma baya, alhali don su aka yi abin. Haka in aka mayar da gudu horon masu latti, yara za su tsane shi. Malami kuma ya shiga cikinsu. In ya laɓe a inuwa yana danna waya, sati biyu ya yi yawa a watse.

A gida rana ce matsalar, ba sanyi ba. A yi shi da an tashi daga taron safe, kafin ƙarfe tara. A tsince ƙusa da kwalba daga hanya, don wasu da silifa za su fito. A ajiye randar ruwa kusa. 'Yan mata su yi da hijabinsu, in ana so a ware musu nasu lokacin. Masu sikila da masu asma a rubuta sunayensu tun farkon zango: mai sikila ya sha ruwa kafin a fara, ya tsaya da ya ji gajiya, mai asma kuwa a bar shi a aji ranar da hazo ya yi kauri. Da azumi a mayar da shi tafiya.

Wassalam.