Kyanwar da aka ba ni amana da koken da na shigar

Sana'ata kiwon kyanwa da zomo da tattabaru, ina sayarwa, ina kuma karɓar ajiyar dabbobin mutane idan tafiya ta same su, a wani ɗan fili da na killace a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. Na gaji son dabba daga mahaifina, wanda ya yi kiwon raguna yana kai su kasuwar Kara, kuma shi ya koya mini cewa kafin a taɓa dabba ana tsayawa a dube ta: yadda take numfashi, yadda ta kwanta, ko ta bar abinci a kwano. Har yau kullum da asuba sai na ɗaga leɓen kowace kyanwa na duba dasashinta, domin launinsa yakan faɗi abin da ke ciki tun kafin ciwo ya fito fili.

Masu saye sukan yi ta ciniki suna cewa a bakin titi sun ga irinta a rabin kuɗi. Ba su sani ba, tawa ta sha maganin tsutsar ciki, an yi mata riga-kafin ciwon haukan kare, kuma mai dogon gashi irin ta Farisa sai an taje ta kullum, an ajiye ta a inuwa mai iska, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Sakkwato kan haura digiri 40.

A cikin irin wannan zafin ne wata Hajiya da za ta tafi Umara ta kawo mini farar kyanwarta, ko mussa kamar yadda muke kiranta a nan. Ta ce, “Malam, amana ce na ba ka.” Na ce, “Ranki ya daɗe, da yardar Allah za ki same ta lafiya.” A kwana na shida kyanwar ta ƙi cin abinci, jikinta ya yi zafi, ga shi likitan da na saba da shi ba ya gari. Na kira wani da aka yi mini kwatancensa, sai ya turo yaronsa, yaron ya yi mata allura, ya kuma ɗura mata rabin ƙwayar da ya ce ta saukar da zazzaɓi ce. Zuwa magariba fuskarta da ƙafafunta sun kumbura, tana haki, dasashin nan da na saba gani ja-ja ya koma ruwan ƙasa. Na kira likitan da ya turo yaron sau bakwai bai ɗauka ba. Washegari da hantsi ta mutu a hannuna.

Da na tsinci fankon maganin a ƙasa na ga farasitamol ne. Wannan ƙwaya da muke sha ba tare da fargaba ba guba ce ga kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa ta, sai ta lalata jini ya kasa ɗaukar iska, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta. Akwai maganin karya dafin idan an gano da wuri, wannan ne ya sa rashin ɗaukar wayar ya fi komai ƙona mini rai.

Ban binne ta nan take ba. Na nannaɗe ta, na sa cikin ƙanƙara, na kai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo aka yi binciken musabbabin mutuwar, aka ba ni sakamako a rubuce. Sannan na je wurin likitan tare da wani dattijo maƙwabcina, domin ban so a ce na kai ƙara ban nemi sulhu ba. Abin da ya ce kawai shi ne ajali ya yi, kuma ai mage ce. Na yi imani da ajali, amma wanda ya tura yaron da bai san illar wannan ƙwaya ba ga dabbar mutane yana da bayanin da ya wajaba ya yi.

Sai na rubuta takardar koke zuwa ga Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, wadda doka ta ɗora wa alhakin yi wa likitocin rajista da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'idar aiki, na kuma aika kwafi ga reshen ƙungiyar likitocin dabbobi na jiha. Na haɗa da sakamakon binciken, da hoton fankon, da jerin kiran wayar, da shafin littafina inda nake rubuta abincin kowace dabba da lokacin da aka ba ta magani. Wannan littafi, wanda masu kwaikwayon sana'ar nan a kasuwa suke ganin ɓata lokaci ne, shi ya ba ni bakin magana.

Da Hajiya ta dawo na zayyana mata komai, na miƙa mata kuɗin kyanwar ta ƙi karɓa, ta ce in ci gaba da bibiyar koken. Ina nan ina bibiya, kuma tun daga ranar duk likitan da zai shigo wurina sai na ga shaidar rajistarsa, sai kuma na karanta sunan maganin da idona kafin ya shiga bakin dabba.